Sabis a Cike, Shafuka Sun Ƙi Buɗewa: Ina Cutar Take?

Akwai wata matsalar intanet da ta fi ɗaukewar sabis gaba ɗaya cin rai. Fitilun rauta duk a kunne, alamar Wi-Fi a waya a cike, saƙon WhatsApp yana shiga yana fita, wani lokaci YouTube ma yana tafiya sumul. Amma da ka nufi shafin banki, ko na JAMB, ko na jaridar da ka saba karantawa, sai burauza ta yi ta juyawa har ta gaji, ta jefo maka wani dogon rubutu da Turanci. Mai fom ɗin da za a rufe gobe, da mai shagon da ke yi wa jama'a rajista, da ɗalibar da ke da darasi ta intanet da ƙarfe huɗu, su suka san zafin wannan abu.

Abin da muka saba shi ne mu ce "netwok ne," mu kashe rauta mu kunna. Idan bai yi ba mu sake saka data alhali ta farko ba ta ƙare ba. Wani ya ɗauki na'urar ya kai wa mai gyara a kasuwa, wani ya sayo sabon sim, wani har sabuwar rauta. Kuɗi ya fita, matsala tana nan daram. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, muddin wasu shafuka suna buɗewa, layin bai mutu ba, kuma shafukan da suke buɗewar nan su ne za su kai ka inda cutar take. Don haka kafin ka taɓa komai, lura da waɗanda suka buɗe da waɗanda suka ƙi, ka kuma ɗauki hoton rubutun da burauza ta nuna. Wannan rubutun da muke saurin rufewa, sau da yawa sunan matsalar ne a rubuce.

A fara da gano ko abin na na'ura ɗaya ne ko na gidan duka. Karɓi wayar wani a gidan wadda take kan wannan Wi-Fi ɗin, ka buɗe shafin da ya ƙi. Idan ya buɗe a can, rauta da kamfani sun fita daga zargi, laifin yana cikin wayarka ko kwamfutarka. Idan ya ƙi a kowace na'ura, kashe Wi-Fi a waya ka gwada da datar sim, zai fi kyau in na wani kamfanin ne daban. Ya buɗe? To cutar tana tsakanin rautarka da kamfanin da ke ba ka intanet. Ya ƙi a nan ma? To shafin ne kansa ba lafiya, ko kuma abin ya game gari, kuma babu abin da za ka kwance a ɗakinka da zai gyara shi. Gwajin nan ba ya cin minti biyar, amma shi ke hana mutum ɓata yini yana gyaran abin da bai lalace ba.

Idan alamu sun nuna rauta ce ko kamfani, duba data tukuna, ko da kana da yaƙinin tana nan. Kamfanonin waya suna sayar da data kashi-kashi. Akwai ta gama-gari, akwai wadda WhatsApp da Facebook kaɗai take buɗewa, akwai ta YouTube ko TikTok, akwai ta dare. Babbar tana iya ƙarewa ta bar ƙananan, sai ka ga hira tana tafiya, bidiyo yana tafiya, amma sauran intanet a rufe. A Najeriya, tun da hukumar NCC ta haɗe gajerun lambobin kamfanoni a 2023, *323# ke nuna ragowar data a kowane layi, sai ka karanta saƙon a hankali ka ga wace iri ce ta rage. Sim ɗin da ke cikin rauta kuwa ana duba nasa a shafin rautar ko a manhajar kamfanin. Talabijin mai intanet da kwamfutar da ke sabunta Windows suna shanye data ba tare da sun yi sallama ba. Masu tsarin da ake tallarsa da sunan mara iyaka su ma su duba sharuɗɗa, domin yawancinsu suna da wani adadin da in an kai shi ake rage gudu ƙwarai, har shafi mai nauyi ya kasa buɗewa.

Data na nan, an kashe rauta an bar ta ta huta na minti ɗaya an kunna, abu bai canza ba. A nan ne babban wanda ake zargi yake shigowa, wato DNS. Kwamfutoci ba su san sunaye ba, lamba suke ganewa. Kowane shafi yana zaune ne a kan wata kwamfuta mai adireshin lambobi, kuma duk sa'ad da ka rubuta sunan shafi, na'urarka sai ta fara tambayar wata kwamfutar daban ta ba ta lambar wannan sunan kafin ta kama hanya. Paul Mockapetris ne ya tsara wannan tsari a 1983, kuma har yau a kansa ake. Aikinsa kamar na jerin sunayen da ke cikin wayarka ne: ka danna "Yaya Babba," waya ta nemo lambarsa ta kira. Ranar da jerin ya goge, layinka lafiya lau, katinka yana nan, amma ba wanda za ka iya kira sai wanda ka haddace lambarsa. Haka abin yake idan kwamfutar DNS ta kamfaninka ta tsaya, ko rauta ta rikice wajen isar da tambayar. Shafukan da ka buɗe ɗazu suna iya ci gaba da aiki na ɗan lokaci saboda na'urar ta ajiye lambobinsu, wasu manhajoji kuma suna da hanyarsu ta riƙe lambobin gidansu. Duk wani sabon shafi kuwa sai ya ƙi. A Chrome rubutun da ke fitowa yakan fara da DNS_PROBE_FINISHED.

Mai kwamfutar Windows yana iya tabbatar da wannan da idonsa. Danna maɓallin Windows, rubuta cmd, ka danna Enter. Wani baƙin allo zai buɗe. Rubuta ping 8.8.8.8 ka sake danna Enter. Idan layin yana raye, za ka ga layuka huɗu sun jeru ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fara da "Reply from," a gabansa da lokacin da saƙon ya ɗauka ya je ya dawo. Sai ka rubuta ping wikipedia.org. Idan a nan aka ce maka "could not find host," magana ta ƙare: lamba tana tafiya, suna ba ya tafiya, DNS ne. Idan kuwa na farkon ma "Request timed out" ya yi ta fitowa, to matsalar ta wuce DNS, sai a duba gaba.

Maganin ba ya cin ko sisi. Da farko, a wannan baƙin allon, rubuta ipconfig /flushdns domin kwamfutar ta zubar da tsofaffin lambobin da ta ajiye, tunda wani lokaci su ne suka lalace. Idan bai wadatar ba, canza wanda kake tambaya. Ba dole ba ne ka yi amfani da DNS ɗin kamfaninka. Google ya buɗe nasa ga kowa tun Disamban 2009, lambobinsa 8.8.8.8 da 8.8.4.4. Cloudflare ya fito da nasa a Afrilun 2018, wato 1.1.1.1 da 1.0.0.1. Akwai kuma Quad9 mai lamba 9.9.9.9, wanda ke toshe shafukan da aka san na 'yan damfara da masu yaɗa ƙwayar cutar kwamfuta ne. A wayar Android daga zubi na 9 zuwa sama, cikin saitin haɗi akwai wurin da aka rubuta Private DNS, a nan ake saka dns.google ko one.one.one.one. A iPhone ana shiga saitin Wi-Fi, a taɓa alamar da ke gefen sunansa, a nemi Configure DNS. Wanda ya fi duka shi ne a canza a cikin rautar kanta, domin duk na'urorin gidan su amfana lokaci guda. Juya rautar, a ƙasanta ko bayanta akwai takarda manne mai adireshin shiga, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a na'urorin Huawei da yawa kuma 192.168.8.1. Wannan adireshin ake rubutawa a burauza, kuma yana buɗewa ko babu intanet, domin a cikin gidan yake. Iyaye masu yara ƙanana su sani cewa Cloudflare yana da wata lambar, 1.1.1.3, wadda ke tare shafukan batsa. Ba ta maye gurbin sa ido, amma tana rage ɓarna.

Sai dai wannan saitin da ke warkarwa shi ma yana sa cutar. Matasa da yawa suna saka wani suna a Private DNS don toshe tallace-tallace, wanda suka gani a wani bidiyo, sannan su manta. Ranar da wancan DNS ɗin ya daina amsawa, wayar sai ta daina buɗe kusan komai, alhali wayar kowa a gidan tana aiki. Idan matsalar ta waya ɗaya ce, nan ne wurin farko da zan duba, a mayar da shi Automatic ko a kashe shi. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Idan ka shiga shafin rauta ka tarar da wasu lambobin DNS da ba kai ka saka ba, ba kuma na kamfaninka ba ne, kada ka ɗauke shi da wasa. Wanda ke riƙe da DNS ɗinka yana iya kai ka shafin bogi mai kama da na bankinka. An taɓa yin haka ga miliyoyin kwamfutoci da wata muguwar manhaja mai suna DNSChanger, har aka kama masu ita a 2011 bayan binciken hukumar FBI ta Amurka, kuma ranar 9 ga Yulin 2012 da aka kashe kwamfutocin wucin-gadin da ke riƙe da waɗanda abin ya shafa, duk wanda bai gyara saitinsa ba ya wayi gari babu shafin da ke buɗe masa. Wata ƙofar da ɓarayi suke yawan bi ita ce rautar da har yanzu sunan shiga da kalmar sirrinta admin ne, yadda ta fito daga kwali. Ina roƙon duk mai rauta ya canza wannan yau, kuma ya san cewa daban take da kalmar sirrin Wi-Fi.

Wata alamar kuma ta fi fita fili. Google yana buɗewa, YouTube yana yi, Facebook da Instagram da Wikipedia da Netflix duk suna yi, amma ƙananan shafuka, na makarantu da na ma'aikatu da na jaridun gida, ko ɗaya. Idan jerin ya zo haka, a yi zargin adireshi. Intanet yana tafiya ne da tsarin adireshi iri biyu. Tsohon, IPv4, yana da adireshi kusan biliyan 4.3 kacal, kuma babbar ma'ajiyarsa ta duniya ta ƙare a Fabrairun 2011. Sabon, IPv6, manyan kamfanoni sun kunna shi dindindin ranar 6 ga Yunin 2012. Manyan shafuka suna da duka biyun, amma shafuka masu tarin yawa har yanzu tsohon kaɗai gare su. Idan rautarka ta samu sabon adireshi daga kamfani ta kasa samun tsohon, manyan nan kaɗai za ka gani. Ba kowane kamfani ke ba da IPv6 a ƙasashenmu ba, amma Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana bayarwa, don haka abin yana iya samun mutum a nan. Hanyar ganewa ita ce shiga shafin rauta, wurin da aka rubuta WAN ko Status. Idan gurbin IPv4 babu komai, ko 0.0.0.0 ne a ciki, ga cutar nan. Shafin test-ipv6.com ma yana faɗa maka wanne ke aiki, in ya samu buɗewa. Kashewa da kunnawa yakan sa rauta ta sake neman adireshi. A mai amfani da sim, duba saitin APN, a tabbata sunan daidai yake da na kamfanin, kuma nau'in haɗin ba a kan IPv6 kaɗai yake ba. Idan duk an yi bai dawo ba, gyaran yana hannun kamfani.

Idan kwamfuta ɗaya ce take da alamar haɗi amma ba ta buɗe komai, rubuta ipconfig a baƙin allon ka dubi adireshinta. Wanda ya fara da 169.254 yana nufin rauta ba ta ba ta adireshi ba, ita ta ƙirƙiro wa kanta. A sa ta manta da Wi-Fi ɗin, a sake haɗawa.

Matsalar da ta fi wahalar da masu gyara ita ce wadda shafi yake fara buɗewa ya tsaya a rabi. Sunan shafin ya fito a sama, wataƙila da 'yan rubutu, sai abin ya maƙale. Gajeren saƙo yana tafiya, hoto ko takardar da kake son ɗorawa ta ƙi. Bayanai a intanet suna tafiya ne a ƙunshi-ƙunshi, kuma kowace hanya tana da iyakar girman ƙunshin da take ɗauka, wanda ake kira MTU. A wayar kebul ta gida iyakar bayit 1500 ce. Amma kamfanonin fayiba da yawa suna haɗa mutum ta wani tsari mai suna PPPoE, wanda ke cin bayit 8 daga ciki, ya rage 1492. Hanyoyin sim da na VPN sukan yi ƙasa da haka. A ƙa'ida, idan ƙunshi ya yi girma, na'urar da ke kan hanya tana aiko da saƙo a rage shi. Idan wani shinge a hanya ya tare wannan saƙon, mai aikowa bai san an zubar da kayansa ba, sai ya yi ta aiko da manya ana zubarwa, kai kuma kana zaune kana kallon burauza tana juyawa. Ƙananan ƙunshi suna wucewa, shi ya sa farkon shafin yake fitowa.

Ana gwada shi da ping -f -l 1472 8.8.8.8 a Windows. An zaɓi 1472 ne domin akwai bayit 28 na kan ƙunshin da ake ƙarawa, su cika 1500. Idan aka amsa da "Packet needs to be fragmented," ko aka yi shiru alhali ƙaramin ping yana tafiya, rage lambar da goma-goma har ka kai inda "Reply from" zai dawo. Ƙara 28 a kan wannan lambar, abin da ya fito shi za ka saka a gurbin MTU a shafin rauta. Wanda lissafin ya yi wa yawa ya gwada 1492 idan fayiba ce, ko 1400 idan sim ne, ya gani. Wannan matsalar ta fi bayyana ne bayan mutum ya sayo tasa rautar ya haɗa a bayan ta kamfani, ko bayan an sake saita ta.

Mu koma ga cutar da ke cikin na'ura ɗaya, domin akwai guda biyu da suka zama ruwan dare a wajenmu. Ta farko agogo. Kusan duk shafukan yanzu suna da takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma burauza tana auna ta da agogon na'urarka. Tsofaffin kwamfutocin da ake shigo da su na hannu suna da wani ɗan batiri mai kamar kwabo a ciki, yawanci CR2032, wanda ke riƙe lokaci idan an kashe su. In ya mutu, kwamfutar takan farka a wata shekara da ta daɗe da wucewa, sai kowace takardar shaida ta zama ba ta fara aiki ba a ganinta. Chrome zai rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, ko ya ce agogonka yana baya. Dubi kusurwar allo kawai, ka gyara rana da lokaci, ka sayi batirin idan abin yana maimaituwa. Idan agogo daidai yake amma gargaɗin tsaro bai daina ba a shafuka da yawa, wataƙila na'urar ce ta tsufa. Ranar 30 ga Satumban 2021 wata tsohuwar takardar tushe da Let's Encrypt ke dogaro da ita ta ƙare, kuma da yake miliyoyin shafuka daga wurinsu suke karɓar shaida, tsofaffin kwamfutoci da wayoyin da ba a sabunta su suka daina buɗe su, alhali Google yana buɗewa. Firefox yana tafe da nasa jerin takardun, don haka yakan ceci irin waɗannan na'urori. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne danna "ci gaba" a kan gargaɗin tsaro a shafin banki ko wurin da za a saka kalmar sirri.

Ta biyu VPN. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutane da yawa suka sauke VPN na kyauta, wasu kuma suna saukewa don neman data ta ɓagas. Da yawa suna nan a wayoyi har yau, suna tashi da kansu. VPN yana bi da duk zirga-zirgarka ta wata kwamfuta a wata ƙasa. In ta mutu ko ta cika, komai ya tsaya, in kuma tana aiki, bankuna da wasu shafukan sukan ƙi ka saboda suna ganin daga waje kake. Ƙaramar alamar mabuɗi ko kalmar VPN a saman allon waya ita ce shaida. A kwamfuta kuma a duba saitin Proxy, musamman wadda aka taɓa amfani da ita a ofis ko makaranta, ko aka kai ta shagon da ake loda manhajoji. ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED sunansa ke nan a Chrome. Manhajar kariya daga ƙwayar cuta da wa'adinta ya ƙare ita ma takan tare hanya.

Wani lokaci kuma babu laifin kowa a gidan. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka katse a gaɓar Kodebuwa. Najeriya da Ghana da Benin da Laberiya da Kamaru duk sun ji a jikinsu, har da Nijar da Burkina Faso da ba su da teku, domin ta maƙwabta intanet ɗinsu yake shigowa. Hada-hadar bankuna ta tsaya cak a wurare da yawa, hukumar NCA ta Ghana ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar, kamfanoni suka yi ta karkatar da zirga-zirgarsu zuwa wayoyin da suka tsira irin su Equiano. A irin wannan rana alamar takan zo daidai da wadda muke magana a kai. Google da Meta mai Facebook da Netflix suna ajiye kwamfutocinsu a cikin Najeriya, a wajen kamfanonin sadarwa da cibiyar musayar intanet ta IXPN, don haka abin da ke kansu yana iya zuwa ba tare da ya tsallaka teku ba. Shafin da ke zaune a Turai ko Amurka kuwa, wanda a can ne shafukanmu da yawa suke zaune ko da na gida ne, sai ya ƙi. A tudu ma haka ne: aikin titi da masu haƙa da masu satar waya suna yanke fayiba kullum, abin da ya sa a 2024 gwamnatin tarayyar Najeriya ta saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Arewa ta fi shan wahalar wannan, domin wayoyin teku a kudu suke sauka, yawancinsu a Legas, kuma tafiyar daga can zuwa Kano ko Maiduguri doguwa ce. Akwai kuma ranakun da kamfanin da ke ɗauke da dubban shafuka shi ne yake faɗuwa, kamar Fastly ranar 8 ga Yunin 2021, da Cloudflare ranar 18 ga Nuwamban 2025. Kira ɗaya zuwa ga wani ɗan'uwa a wata unguwa ko wani gari ya isa ya nuna maka ko abin na kowa ne. Idan na kowa ne, a bar rauta ta zauna lafiya.

Na faɗi haka ne saboda wani ɗan rami da ke bayan kowace rauta, wanda aka rubuta Reset a gefensa. Mutane suna zira masa tsinke suna zaton kashewa da kunnawa ne. Abin da yake yi shi ne goge duk saitin da ke ciki, har da suna da kalmar sirrin PPPoE da ma'aikacin kamfani ya saka ranar da ya haɗa maka, waɗanda da wuya a ce ka rubuta su. Garin neman gira sai a rasa ido: da wasu shafuka ne ba sa buɗewa, yanzu babu ko ɗaya, sai an jira ma'aikaci ya zo. Kada a taɓa shi sai an ɗauki hoton kowane shafi na saitin, ko kamfanin ne da kansa ya ce a yi.

Masu fayiba su dubi fitilun akwatin. Wadda aka rubuta PON ya kamata ta tsaya kore ba ƙyaftawa. Idan wadda aka rubuta LOS ta kama ja, haske ba ya isowa, wayar ta yanke a wani wuri ko ta lanƙwashe. Bi siririyar wayar da ido daga akwati zuwa inda ta shigo, ka ga ko ƙofa ta datse ta, ko an ɗora mata kujera, ko ɓera ya ci. Gilashi ne a cikinta, ba a ɗaure ta ba a naɗe ta da tef, kuma kada a leƙa bakinta da ido, domin hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana cutar da ido. Rautar da ke mutuwa tana tashi da kanta kuwa, a taɓa ta a ji ko ta yi zafi, musamman a bazara, a kuma gwada wata cajar mai ƙarfi daidai da wanda aka rubuta a jikinta.

Idan an kai ga kiran kamfani, a kira da hujja a hannu. Wanda ya ce "intanet ɗina ba ya yi" za a ce masa ya kashe ya kunna. Wanda ya ce ya gwada na'ura uku, data tana nan, ping zuwa 8.8.8.8 yana tafiya amma sunaye ba sa tafiya, ko gurbin IPv4 babu komai, ko fitilar LOS ta yi ja tun ƙarfe goma na safe, za a fi saurin miƙa shi ga injiniya. A Najeriya 300 ce lambar kula da abokan hulɗa a layukan waya, kamfanonin fayiba kuma lambarsu tana kan rasit ko jikin akwati. Nemi lambar ƙorafi ka rubuta ta tare da rana da lokaci. A kula da masu kira daga wata lamba suna cewa daga kamfani suke za su gyara maka, su nemi lambar da aka turo maka ta saƙo, ko su ce ka sauke wata manhaja da za su shiga wayarka da ita. Gyaran intanet ba ya buƙatar lambar katin banki ko BVN, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne. Idan kamfanin ya yi biris da ƙorafin, NCC tana karɓar ƙara kyauta a 622, kuma za su nemi wannan lambar ƙorafin da ka rubuta. A Nijar hukumar ARCEP ce ke da wannan hurumin, a Ghana kuma NCA.